Ni na sa ta cire takunkumi

Assalamu alaikum. Ina gaida ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Daga ƙasar Konni nake rubuto maku. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin labarin ya shafi wata baiwar Allah da ba ta nemi a san ta ba.

Lokacin da korona ta shigo, ni dillalin albasa ne da ya haura shekara ashirin a harkar. Da ɗaukar buhu a ka na fara a Galmi, har Allah ya sa na zama mai cika kamiyo, babbar motar kaya, da kaina. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ina da ido ina da hanci. In na shiga rumbun albasa, kafin a kwance buhu na san ko akwai ruɓa a ƙasa. In mutum ya zauna gabana muna ciniki, na san inda zai tsaya tun shi bai sani ba. Wannan ya sa na ɗauki kaina mai wayo, na kuma saba da ganin cewa kowace doka tana da ƙofar baya, sai dai a ce mutum bai nema ba.

Ina da ɗiyar ƙanwata, ma'aikaciyar jinya ce a wata likita ta cikin gari, wato asibiti. A gidana ta tashi bayan rasuwar ubanta. Tana da fuka tun tana ƙarama, kuma babu wanda ya fi ni sanin haka, don ni na sha ɗaukar ta a kafaɗa in kai ta likita tana neman numfashi. A lokacin ta yi aure, tana da ɗa ɗan shekara biyu, mijinta direban kamiyon siminti ne a Malbaza. Ina alfahari da ita, amma in zan faɗi gaskiya, ban taɓa tambayar ta yadda aikin nata yake ba. Abin da na sani kawai muna da likita a gida. Mu nan wanda ke da ɗiya ko ɗa mai aikin jinya ba ya bin layi, salula yake ɗauka ya kira, a zo a yi masa allura a kan tabarmarsa.

Aka rufe iyaka daidai lokacin da albasa ta cika rumbuna, ga zafi ya kankama. Ban tsaya jira ba. Na hau moto, wato babur, na bi ta gonaki na tsallaka Najeriya, na yi kwana biyu cikin cunkoson kasuwa ina neman masu saye, na dawo ta hanyar da na bi. A gida na ce Galmi na je. Kwana huɗu da dawowata masassara ta kama ni, na ce rana ce. Washegari na lallaɓa na je rumbu, sai na tarar da masu lodi sun toshe hanci suna cewa buhunan ƙasa sun ruɓe. Ni kuwa ban ji komai ba. Abin ya ɗaure mani kai. Na ɗauki albasa na yanka na kanga a hanci, idona ya kawo ruwa, amma wari babu. Na buɗe tankin moto na shaƙa, babu. Na koma gida na gwada turaren uwargidana, shi ma kamar ruwa. Na riga na ji a rediyo abin da wannan ke nufi, don haka ba zan ce ban sani ba.

Sai na zauna na auna abin kamar yadda nake auna kowace harka. In na je likita, tsare ni za a yi a ɗakin keɓewa, a zo a zagaye gidana, masu saye su gudu, albasa ta ƙarasa ruɓewa. In na kira yarinyar nan, ta sa mani ƙarin ruwa a ɗaki, kwana uku na miƙe, babu wanda ya ji. Ita kanta ban sa ta cikin ma'aunin ba. Na kira ta.

Ta zo bayan la'asar, daga aiki kai tsaye, da takunkumi a fuska. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, sannan ta ce kafin ta shigo tana da tambayoyi uku, in yi haƙuri, kowa suke yi wa. Ko na yi tafiya kwanan nan. Na ce Galmi kawai. Ko ina tari. Na ce ƙurar ɓawon albasa ce, ta san ta. Ko ina jin ƙamshin abinci. Na ce ƙwarai, har na ji ta ci tafarnuwa da rana. Ta yi dariya. Daga nan na ce mata to yanzu ɗakin kawunta za ta shigo da takunkumi kamar raƙumin da ake tsoron ya yi cizo? Na ce ni da na goge mata majina da hannun rigata, yau ni take rufe wa hanci? Na ce ko dai aikin nasara ya sa ta fara ƙyamar mu. Da wasa na faɗa, uwargidana ma tana dariya, amma na san inda maganar za ta taɓa, don aikina ke nan. Ta ce haba Kawu, Allah ya kiyaye. Ta sa hannu ta cire shi ta sa a jaka.

Ta ɗaura mani ruwan, ta zauna kusa da ni har ya ƙare, a ɗaki mai taga ɗaya, ina tari ina juya kai. Haka ta yi kwana uku a jere. Na kuwa miƙe, na koma rumbu, na ce a raina dabara ta yi.

Bayan mako guda mijinta ya kira ni ya ce an kwantar da ita, numfashi ya ƙi. Aka gwada, aka ce korona ce. Ba a bari kowa ya shiga. Kullum sai mu kai abinci mu ajiye a bakin shinge, wata abokiyar aikinta ta fito ta ɗauka, ta gaya mana ko ta kwana da na'urar iska ko an cire. Wata rana ina tsaye da ƙanwata, uwarta, sai ta ɗaga hannu ta ce duk wanda ya san yana da ciwon nan ya ɓoye ya shafa wa ɗiyarta, Allah ya isa tsakaninta da shi. Ta juyo ta dube ni tana jiran in amsa. Na ce amin. Ban taɓa jin kalma ta yi mani nauyi a baki irin wannan ba.

Allah ya tashe ta bayan kusan mako uku. Ta fito ta rame, in ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya ta huta. Na riƙa zuwa gidanta da yamma ina zama a tsakar gida, ita tana kan kujera. Da farko nauyin abin da na yi ne ke kai ni. Daga baya kuma sai son sani ya kama ni, don na lura da wani baƙin tabo a kan karan hancinta da bayan kunnuwanta, na tambaya, ta ce igiyar takunkumi ce. Na ce to tun yaushe? Daga wannan tambayar sai wata ta biyo, har na zama kamar ɗan lakwal.

Abin da na ji ya ba ni mamaki, ni da nake ganin na san garin nan ciki da waje. Ta ce rigar ledar da suke sawa, cikin zafin nan namu, kafin azahar gumi ya taru a takalmi har ana jin ƙararsa in mutum na tafiya. Ta ce tun kafin azumi ya zo sun daina shan ruwa da safe, domin in fitsari ya kama ki sai kin tuɓe kayan, kuma ba lalle ki samu wasu ba. Takunkumi ɗaya sukan shanya shi a rana su sake sawa. Ta nuna mani tafin hannunta, ruwan jabel na kashe ƙwayar cuta ya tsattsage shi, ta ce tuwo da miya mai yaji sai da cokali take ci. Ɗanta tun farkon abin ta aika shi wurin kakarsa ta wajen uba a wani ƙauye na Illela ta wannan ɓangaren iyaka, da aka dawo da shi ya ɓuya bayan zanen kakar, ya ƙi zuwa wurinta. Mai kawo masu ruwa ya daina tsayawa a ƙofarsu. Mai kitso ta ce hannunta na ciwo, alhali tana yi wa maƙwabta. A wurin suna, in ta zauna sai mata su ja jiki su bar mata tabarma ita kaɗai, kuma matan nan su ne in ɗansu ya yi zafi za su aiko a kira ta. Ta ce akwai abokiyar aikinta da kan shiga ɗakin ajiyar magani ta rufe ƙofa ta yi kuka, ta wanke fuska ta fito ta ci gaba da allura. Ita kanta barci ya ƙaurace mata, ko ya zo sai ta farka tana jin kamar an toshe mata baki.

Na tambaye ta cikin duk wannan me ya fi yi mata ciwo. Ta ce ƙarya. Ta ce kusan kowa da ya zauna gabanta cewa yake bai je ko'ina ba, ba ya tari, har ta kai in mutum na magana ba ta jin abin da yake faɗa, idonsa take kallo. Ta ce ta shiga aikin nan don tana son mutane, yanzu kuma tsoron su take.

A ranar na faɗa mata gaskiya, duka, har da moton da na hau. Sai ta ce ai, Kawu, ta sani tun kwana na biyu. Ta ce miyar uwargidana ta ƙone ranar, ƙauri ya cika gida, ni kuwa ina tambaya ko ba a ɗora girki ba. Na ce to me ya dawo da ita kwana na uku, kuma me ya hana ta mayar da takunkumin? Ta ce in ta mayar da shi, ta ce mani maƙaryaci ke nan a cikin ɗakina, gaban matata, kuma ba ta da bakin yin haka. Da masu bin sawun ciwon suka tambaye ta inda ta shiga, ba ta ambace ni ba. Ta ƙara da cewa ba za ta rantse daga gare ni ta ɗauka ba, domin a makon gidaje huɗu na dangi suka kira ta. Amma ta ce a likita ta san haɗari take shiga, tana shiri, a gidajenmu kuwa mu ne muke tuɓe mata shirin da zumunci.

Na roƙi gafararta, ta ce ta yafe. Na je na faɗa wa uwarta, ita kam ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yau shekaru sun wuce. Numfashinta bai koma yadda yake ba, daga bakin titi zuwa gidana sai ta tsaya sau ɗaya, abin shaƙarta kullum yana jaka. Ta nemi a ɗauke ta daga ɗakin majinyata, yanzu awon jarirai da rigakafi take yi. Na tambaye ta dalili, ta yi dariya ta ce jarirai ba su koyi ƙarya ba tukuna. Tana zuwa gaishe ni, tana durƙusawa kamar da. Amma in aka ce ba ni da lafiya, ba ni take tambaya ba, wurin uwargidana take zuwa ta ji tun yaushe, me na ci, ina na je. Ina zaune ina ji.

Abin da na koya shi ne mai jinya jiki gare shi irin namu, yana kamuwa, yana gajiya, yana jin tsoro, kuma wanda ya fi iya cutar da shi shi ne wanda yake jin kunyarsa. Ku masu ɗiya ko ƙanwa ko mata a wannan aiki, annoba za ta iya dawowa da wani suna. In ta zo, ku je likita ku bi layi. In an tambaye ku, ku faɗi inda kuka je, ko da ta gonaki kuka bi. In kuma yarinyarku ta tsaya a bakin ƙofa da fuska a rufe, kada ku yi mata wasan da na yi. Ku ce mata ta ƙara ɗaure takunkumin da kyau.