Dawakin da Suka Riga Suka Yi Tsere

Na zo Alƙahira ina amarya da akwati biyu, ɗaya na sutura, ɗayan kuma rabinsa littattafan soyayya ne da na tara tun ina sakandare. A cikinsu na koyi yadda miji yake: mai dogon zance, mai ajiye wasiƙa a ƙarƙashin matashi, mai kallon matarsa har shayinsa ya huce. Wanda na tarar a gidanmu na unguwar Ma'adi mutumin kirki ne mai kunya, ma'aikacin ajiye takardu a ofishin jakadanci, ya girme ni da 'yan shekaru masu dama. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Damuwata ita ce muryar ma da ƙyar nake jin ta. Sannu da gida, abinci ya yi daɗi, Allah ya tashe mu lafiya. Wata uku na farko kusan duk hirarmu ke nan, ni kuwa ba ni da kowa a garin sai shi.

Da sanyi ya shigo, a ƙarshen shekarun casa'in ke nan, sai ya ba ni wani aiki. Kowace Litinin da safe in je rumfar mai jarida kusa da tashar jirgin ƙasa na metro in karɓo masa jaridar Ingila ta ranar Asabar. Jirgi ke kawo su, kullum a makare, ta Asabar da ta Lahadi sukan iso tare. Ya gargaɗe ni in karɓi ta Asabar kaɗai, ta Lahadi a bar ta sai Talata. Mai rumfar, wani dattijon Bamasare mai ƙaton mayafin wuya, ya san dokar tun kafin in zo. Yakan miƙo mini guda, ya dafa ɗayar da tafin hannu yana murmushi, ya ce wannan ta gobe ce, ya madam.

Sai da yamma na gane dalili. Maigidan ya dawo, ya yi la'asar, ya fitar da kujera baranda, ya zare shafukan baya ya ba ni sauran in shimfiɗa a kabad. Ya fiƙe fensir da reza. Shafukan cike suke da sunayen dawakin tseren tsallake shinge, da lambobi ƙanana kamar tururuwa. Tun yana aiki a London ya koyi karanta su a wajen tsohon da yake haya a gidansa. Bai taɓa sa ko sisi ba, caca haramun ce kuma ya tsane ta. Shi dai ya zauna ya auna, ya zagaye dokin da yake ganin zai ci a kowane tsere, ranar Talata ya buɗe jaridar Lahadi ya ga ko hankalinsa ya yi daidai. Dawakin sun riga sun yi gudunsu kwana biyu da suka wuce, sun ci abincinsu sun yi barci, shi kuwa yana baranda a Ma'adi yana yi musu tunani.

Na kawo shayi na tsaya a bayansa, na tambaye shi mene ne waɗannan lambobi. Ranar na fara jin muryar mijina sosai. Ya nuna mini cewa lambobin gefen suna su ne matsayin da doki ya zo a tserensa na baya, haruffan da ke tsakaninsu kuma labarin wahala ne: wannan ya faɗi, wannan ya kayar da mahayinsa, wannan ya je gaban shinge ya ƙi, wannan mahayi ne ya ja linzami don ya ga ya gaji. Ya ce doki mai ƙoƙari ana ƙara masa dalma a sirdi don a daidaita shi da sauran, saboda haka wanda ya ci jiya yau da kaya zai tashi. Ya ce akwai mai son ƙasa busasshiya, akwai wanda sai an yi ruwa fili ya zama taɓo yake samun kansa. Wani mil biyu ne iyakarsa, wani sai a mil na uku yake farkawa. Wani in fili ya juya dama sai ya riƙa kaucewa a kan shinge. Ya ce a wannan tsere mai tsallake tsaf ya fi mai gudu, don gudu ba ya amfanin wanda ke kwance. Yana magana hannunsa na tsallake shingen da babu shi a iska, shayin ya huce bai sani ba.

Na ce to wane ne ingarman cikinsu, jarumin. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce kusan dukkansu dandaƙaƙƙu ne, sai 'yan goɗiyoyi. Na ji kunya na gudu kicin, ina jin sa yana dariya shi kaɗai.

Daga nan Litinin ta zama ranata. Amma bayan mako biyu ya gama yi mini bayani, ya koma cikin lambobinsa, ni kuma na koma mai kawo shayi. Na gwada zaɓa da kaina sau ɗaya, na ɗauki wani doki don sunansa ya yi mini daɗi a baki. Ya zo na ƙarshe. Maigidan ya ce ma'alish, wato ba komai da Larabci, ya juya shafi.

Litinin ta gaba an yi yayyafi da safe, irin na Alƙahira da ke sa kowa ruɗewa kamar ba a taɓa ganin ruwa ba. Mai rumfa yana ta fama da leda yana rufe mujallu, jaridar Lahadi tana ajiye a gabana. Ban fito da niyya ba, Allah ya sani. Na ɗaga shafin baya da yatsa biyu, na ga sunan dokin da ya ci babban tsere, na sake. Har na iso gida ina nanata shi kamar hadda.

Da yamma, bayan ya yi zagayensa, na sa yatsa a kan sunan na ce ni wannan nake so. Ya duba ya ce doki ne ɗan shekara goma sha ɗaya, ya faɗi sau biyu a jere, me na gani a jikinsa? Nan littattafaina suka yi mini rana. Na ce wanda ya faɗi sau biyu kowa ya juya masa baya, irinsa ne ke tashi da ciwon zuciya ya ba maraɗa kunya. Ya ce doki ba ya karanta littafin soyayya, Amarya. Ranar Talata ya buɗe jarida, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ni daga kicin da wata murya da ban san yana da ita ba. Mun yi awa guda muna zancen tsohon dokin nan.

Na ce wa kaina sau ɗaya ne. Amma wanda ya ɗanɗana zuma ba ya mance hanyar amya. Na koyi tsayawa ina juya mujallun ɗinki har mai rumfa ya juya don ba wani canjin sigari. Mako na biyu na kawo wani doki akawal da ya yi shekara bai fito ba, na ce kewa ce za ta kai shi. Mako na uku na kawo wata goɗiya kili da maigidan ya rantse ba za ta iya taɓo ba, kuma an yi ruwa a can. Na ce mace in ta yi niyya taɓo ba ya tsayar da ita. Ta ci. Yana dawowa daga ofis yana cire takalmi yana tambayar wa na gani yau. Har ya sayo mini gasasshen dankali mai zaƙi daga amalanken bakin titi, ya kawo shi da zafinsa a cikin takarda. Na riƙa jin kaina kamar wadda aka rubuta a shafin ƙarshe na littafi.

Ban lura da lokacin da dariyar ta fara raguwa ba. Bayan goɗiyar ya fito da tsofaffin shafukan da ya tara a kwali, ya baje su a tabarma, yana bin dawakina ɗaya bayan ɗaya, yana neman abin da nake gani wanda shi bai gani ba. Ya tambaye ni ko nauyi nake dubawa, ko mai horarwa, ko kwanakin hutu. Na ce zuciyata ce kawai. Ya gyaɗa kai. A mako na biyar na yi zari na kawo biyu, duk suka ci, nasa kuwa ko ɗaya bai shiga ukun farko ba. A na shida ya zauna a baranda, bai ɗauko reza ba, ya turo mini shafin ya ce in zaɓa mana, shi zai duba gobe. Na zaɓa, ya ce tamam, wato ya yi daidai, ya shiga ciki ya kunna rediyo. Da safiyar Litinin ta bakwai, yana ɗaura agogo, ya ce kada in wahalar da kaina zuwa rumfa, halas, wato shi ke nan, sanyi ya yi yawa.

Gidan ya koma yadda na same shi, har ya fi, don yanzu na san muryar da nake rasawa. Na zauna na yi tunani na ga abin da na yi. Mutumin nan abu guda yake da shi da ya tabbata ya iya, ya yi shekaru yana gina shi a ƙasashen mutane, ni kuma na zo da yatsa biyu na nuna masa cewa yarinyar da ba ta san sirdi daga linzami ba ta fi shi. In na yi shiru, zai ci gaba da ganina mai baiwa, kuma ba zai ƙara zama a baranda ba. In na faɗa, zai san matarsa ta yi mako shida tana kallon idonsa tana yi masa ƙarya.

Na yi abin da na iya, na rubuta wasiƙa. Shafi huɗu, da hasken idaniyata da sanyin ruhina da hawayen da suka jiƙa takarda, kuma da gaske sun jiƙa. Gaskiyar tana shafi na uku. Na sa ta a ƙarƙashin farantinsa na koma ɗaki na bar ƙofa a buɗe kaɗan. Na ga ya karanta a hankali kamar takardar ofis, ya koma shafi na uku ya sake karantawa, ya ninke ta. Sannan ya ce in zo.

"Har goɗiyar?" ya ce.

"Har ita."

"Kin gani a jarida kafin ki faɗa."

"Na gani, Malam."

Ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi. Ni da nake jiran faɗa sai na ɗago kai. Ya ce a tseren goɗiyar nan, dokin da ke gabanta ne ya faɗi a shingen ƙarshe, in ƙaddara ce ta kayar da lissafinsa ya yarda, haka tseren yake. Abin da ya dame shi shi ne a ce akwai wani ilimi a shafin da ya yi shekaru yana kallo bai taɓa gani ba. Sai fuskarsa ta sauya, ya tambaye ni me ya sa.

"Don ka yi mini magana."

Ya ci abincinsa, ya wanke hannu, ya tafi masallaci. Kwana uku muna gaisuwa kawai. Ban san ko fushi yake ba ko kunya, kuma har yau ina ganin duka biyun ne. Na yi kuka, na fara tunanin abin da zan ce wa iyayena in aka mayar da ni, kamar yadda ake yi a littafi, ko da yake ko alamar hakan bai nuna ba.

Ranar Litinin ya dawo da jarida a hammata, da kansa ya biya rumfa. Ya ce daga yau shi zai riƙa karɓowa, ya faɗi haka ba tare da ya dube ni ba, ni ma na san na cancanci hakan. Ya fitar da kujera biyu. Ya ce yau zan zaɓa da dalili, kuma ba ya son jin zancen ciwon zuciya ko kewa. Muka ɗauki tsere guda mai dawaki bakwai. Ya sa na cire waɗanda ba su taɓa kai mil uku ba, na cire wanda aka labta wa dalma, na cire wani da ya kayar da mahayi sau biyu. Saura uku. Na daɗe a kansu har aka kira magariba, muka tashi muka dawo. Na ɗauki wani doki aharas da bai taɓa faɗuwa ba kuma ya taɓa zuwa na biyu a wannan filin. Maigidan ya ce bai yarda ba, dokin ba shi da ƙarfin ƙarshe, ya faɗi dalilinsa, na faɗi nawa, ya katse ni, na katse shi.

Washegari muka buɗe jaridar tare. Nawa ya zo na huɗu, nasa na uku, wanda muka cire saboda dalma shi ya ci. Ya ce laifina ne, ni na matsa a cire shi. Na ce wallahi shi ya ce, da bakinsa, yana nuna lambar da fensir. Muna wannan musu miyar da na bari a wuta ta kama, muka ci burodi da cuku da zaitun, yana ci yana bayyana mini abin da ya kamata mu duba a nauyin da ba mu duba ba.