Yayana Mai Fenti da Tambayar Ranar Lahadi

Yayana mai fenti ne, kuma idan ka tambaye shi zai ce maka duk garin nan babu na biyunsa. Abin haushin shi ne, gaskiya yake faɗa. Abokan aikinsa suna ce masa Na-Sama, don tun yana saurayi ba a samunsa a ƙasa: ko yana kan tsani, ko yana bisa katanga da burushi a haƙora. Ni ce autar gidanmu, tela ce, shagona yana titi ɗaya da gidansa. Har yau da na fara furfura Auta yake kirana.

Mahaifinmu ya so ya zama malamin makaranta. Shi kuwa ya bi wani tsoho mai fentin shaguna yana wanke masa bokitai, har ya iya haɗa launi da ido. Ka kawo masa ƙyallen labulen ɗakinka, zai ɗiga wannan ya ɗiga wancan, ya motsa da sanda, sai ka ga bango ya fito kamar tare aka saƙa su da labulen. Inda bango ya haɗu da rufi kuwa, ba ya manna takarda kamar sauran masu fenti. Da hannu yake ja, layin ya tafi ɗoɗar.

Giya ta shigo ne lokacin da suka yi wani dogon aiki a babban otal. Da farko cewa yake tana wanke masa warin fenti daga maƙogwaro. Aikin otal ya ƙare, wankin maƙogwaro bai ƙare ba. Bai taɓa zama mai tangaɗi a titi ba, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba, shi ya sa muka daɗe muna yaudarar kanmu. Hannunsa ne ya fara tona shi. Da safe yatsunsa suna rawa, layin nan nasa ya fara karkacewa, masu manyan gidaje suka daina nemansa. Mutumin da ya yi wa ɗakunan otal ado ya koma shafa wa katangar gareji farin ƙasa.

Mun yi magana har mun gaji. Matarsa ta yi kuka, kawunmu ya yi wa'azi, ni na yi tsiwa. Duk wanda ya buɗe baki, sai Yaya ya gyara zama ya ce, "Kun gama? To ni na san awona." Kuma da gaske yake, ya yarda ya sani.

Wata safiya ya zamo daga tsani ya karye a idon sawu. Ni na kai shi asibiti. Bayan an ɗaure ƙafar, muna zaune a baranda muna jiran magani, sai wata mata mai tabarau ta zo ta gaishe mu. Ta ce ita dakta ce a jami'a, masaniyar halayyar ɗan Adam ce, tana bincike a kan ko wayar hannu za ta iya taimaka wa masu shan giya fiye da kima su rage. Ta tambayi Yaya ko zai amsa wasu tambayoyi shi kaɗai. Na tashi na ba su wuri, ina jiran in ji ya kore ta. Da na dawo sai na tarar tana yi masa bayani: za a raba mutane gida biyu, kwamfuta ce za ta yi ƙuri'ar, wasu za su sami manhaja mai shawarwari da darussa, wasu kuma tambaya kawai za a riƙa aiko musu. Ta kuma gargaɗe shi cewa mai sha kullum kada ya yanke lokaci guda ba tare da ganin likita ba. Ni na ji duk wannan. Shi kuwa idonsa yana kan bangon baranda, yana tsaki a kan wanda ya shafa fenti bisa danshi. Ya karɓi biro ya sa hannu.

A mota na ce, "Yaya, ka ma ji abin da ta ce?"

Ya ce, "Na ji. Dakta ta ce wayata za ta yi mini magani. Ke dai ki kula da ramukan titi."

Daga nan, kowace Lahadi da safe wayarsa takan yi ƙara, tambaya ɗaya ta fito: kwalba nawa ka sha a makon nan? Ya danna lamba, ta ce masa an gode. Shi ke nan. Makonnin farko ƙarya ya yi mata, shi da bakinsa ya gaya mini daga baya. Yana zaune a shagona da ƙafa a kan kujera, ina ɗinki, ya ce, "Auta, na zauna na yi tunani. Ku ina yi muku ƙarya ne don kada ku taɓe baki. Ita wannan ba ta da bakin taɓewa. To ƙaryar ta mece ce? Mutumin da yake auna fenti da ido ba ya kuskure, ya zo yana ha'inci a awon cikinsa?"

Lahadin da ya fara sa gaskiya, ya daɗe yana kallon lambar. Bai nuna mini ba, ni ma ban leƙa ba. Kashegari ya sa ɗansa na fari ya kai shi wurin likita, aka tsara masa yadda zai riƙa ragewa a hankali.

Abin bai tafi sumul ba. Da ƙafar ta warke ya koma aiki, aka gama wani gini, mai gidan ya kai ma'aikata wurin shaƙatawa, Yaya ya koma ruwa har kwana uku. Ranar Lahadi ya danna gaskiya, ya zauna yana jiran faɗa. Wayar ta ce an gode. Da hantsi sai ga shi a shagona, ransa a ɓace.

Ya ce, "Duba mini wannan abar, ko ta lalace."

Na ce, "Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, shi ne matsalar. Na gaya mata abin da ko kare ba zai ci ba, ta ce mini an gode."

Na ce, "To in kana son faɗa, ga ni. Ina da na shekaru a ajiye."

Ya yi dariya har da tari, ya ce in riƙe kayana. Amma daga ranar, idan abokai suka ja shi, sai ya ce musu yana da mai tambaya ranar Lahadi. Suka ɗauka wata mace ce, labarin har ya kai kunnen matarsa, ita kuwa ta ce in dai wannan ce, ta yafe.

Wata shida aka yi. Rawar hannu ta tafi, layi ya dawo, wani mai asibitin haƙori ya ba shi aikin gininsa gaba ɗaya. Duk inda Yaya ya zauna sai ya ciro waya yana tallar manhajar Dakta, wai maganin zamani.

Da aka kammala binciken, Dakta ta gayyaci waɗanda suka so zuwa wani ɗakin taro a jami'a don ta gaya musu abin da aka samu. Na raka shi. Ya sa riga mai guga, ya zauna a layin gaba. Kafin a fara, wani direban tanka da ke gefensa ya ciro tasa wayar yana nuna masa wani hoton bidiyo a kan yadda ake ƙin tayin abokai, da wani zane mai hawa da sauka, da wurin rubuta burin mako. Yaya ya duba tasa, ya sake duba ta direban.

Ya ce, "Tawa ba ta da waɗannan."

Direban ya ce, "To kai ɗan ɗaya rukunin ne, na masu tambaya kawai."

Dakta ta fara bayani. Ta nuna cewa masu cikakkiyar manhaja sun fi ragewa, amma masu tambaya kawai su ma sun rage fiye da yadda ta zata. Da aka tashi ya tare ta a bakin ƙofa.

Ya ce, "Dakta, ashe ruwa kika ba ni a gwangwanin fenti."

Ta ce, "Baba, na gaya maka tun ranar farko, a barandar asibiti."

Na ce, "Ta gaya maka. Bango kake kallo."

Ya harare ni. Dakta ta ce daga yau kowa zai sami cikakkiyar manhajar, haka aka tsara tun asali. Sannan ta ce, "Abin da ya faru da kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Masu bincike sun daɗe da lura cewa tambayar mutum kawai takan sa wasu su canza. Abin da ba mu fahimta sosai ba shi ne me ke faruwa a zuciyar mutum tsakanin Lahadi da Lahadi. Binciken da zan yi nan gaba ke nan. Za ka zauna ka ba ni labari?"

Yaya ya juyo gare ni. "Auta, kin ji? Wato ba a ba ni komai ba. Ni na yi."

Na ce, "Kai da likita, da matarka da ta jure."

Ya ce, "Su ma sun taimaka."

Ta ware masa rabin awa, ya cinye mata yini. Yanzu yana cikin mutanen da take nuna wa sababbin saƙonni kafin a aika wa jama'a, su ce wanne ya yi kama da wa'azi, wanne ya yi kama da magana. Cikakkiyar manhajar ma ya sa a wayarsa. Ya ce bidiyon sun cika surutu, amma wurin rubuta burin mako ya yi masa. Ba ya cewa ya warke, kuma ba ya son kowa ya faɗa a gabansa. Shekara ta zagayo bai taɓa kwalba ba, wannan dai matarsa ce ta gaya mini, ba shi ba.

Makon jiya ya zo ya fitar da kekunan ɗinkina waje, wai shagona ya yi duhu, yana korar masu kawo aiki. Na ce shuɗi nake so. Ya ce shuɗi zai kashe launin yadudduka, ruwan madara zai shafa. Muka yi ta ja, ya hau tsani ya fara shafa abin da ya ga dama. Jiya wata mata ta shigo da yadin ɗinki, ta tsaya tana kallon bango, ta nemi lambar mai fentin. Na ba ta, na kuma gaya mata kada ta wahalar da kanta wajen zaɓen launi.