Baturen da Ke Jira a Bakin Iyaka

Har yau in na ji warin tabar lofe sai gabana ya faɗi. Babu mai shan taba a gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka, amma ɗakin kakanmu kullum da wannan wari, musamman lokacin zafi, in bango ya sha rana.

Kaka ya baro Kano a ƙasa yana saurayi, zai zo aikin hajji. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya kama aiki wurin wani hafsan soja Bature, yana goge masa takalma, yana cusa masa taba a lofe. Baturen ɗan sarautar gado ne a Ingila, ubansa soja, kakansa soja, gidansu wai ɗakuna sun fi mutane yawa. Zazzaɓi ya kayar da shi. Kafin ya cika ya damƙa wa Kaka agogon aljihu, da hoton matarsa da ɗansa tilo a cikin murfin, ya ce a kai wa yaron, don a gidansu daga uba agogon ke zuwa hannun ɗa. Kaka ya ce to. Washegari ayarin mahajjata ya tashi. Tsoro ya kama shi kada a ce sata ya yi, sai ya bi ayarin da agogon a lalitarsa.

Ni kaɗai ya nuna wa, ni da yake kira matarsa mai rowar shayi. Ba mai murɗa agogon nan, amma yana tafiya. Na tsani idanun yaron da ke hoton.

Kun san mutumin Makka in zai yi umra, sai ya fita wajen iyakar Harami ya ɗauro niyya. Kaka bai taɓa yi ba. Babana ya yi lallashin, ya yi fushin, har ya gaji. Wata rana bayan la'asar na tambaye shi dalili. Ya ce a hajjinsa na farko kuma na ƙarshe, a Arfa, wadda ke wajen iyaka, ya hango Baturen da rana tsaka a tsakiyar alhazai, tsaye cikin kakinsa, ya miƙo hannu.

"Ba Musulmi ba ne, ba zai shigo ba," in ji Kaka. "Jira yake in fito ya tambaye ni amanarsa. Me zan ce masa?"

Da ciwon ajali ya zo, aka so kai shi asibiti a Jidda, can wajen iyaka. Ya riƙe ƙarfen gado ya ce halas, wato shi ke nan, a bar shi. A ɗakin nan ya rasu.

An rushe gidan tuni, mun koma unguwar Aziziyya, nan dai cikin Makka, agogon kuma ni ya faɗo wa. Yarana sun fi jin Larabci, ban taɓa ba su labarin ba. Ko sunan Baturen ba mu sani ba, Maigida kawai Kaka ke ce masa.

Makon jiya muka tafi Jidda, agogon yana gida a kulle. Muna wuce allon iyaka, autata ta toshe hanci, ta tambaye ni wa ke shan taba a motar.