Yadda Na Auna Amin a Maamobi

A shekarun tamanin na samu aiki a ɗakin binciken sinadarai na wata babbar makaranta a Accra. A takarda ni mai wankin kwalabe ne. A unguwarmu Nima kuwa, tun ranar da aka gan ni da farar riga har gwiwa na zama likita, kuma ban ƙaryata kowa ba, don ƙaryata manya rashin tarbiyya ne.

Shugabata wata Dokta ce, 'yar ƙabilar Ga, gajeriya, mai muryar da za ta tsaya a Nima ta tsayar da motar haya ta trotro a can unguwar Kanda. Da ta lura hannuna ba ya rawa, sai ta koya mini wani aiki wai shi kiromatogirafi, sunan da kafin ka gama faɗa kokonka ya huce. Aikin kansa ba wuya. Za ka shafa wa ɗan gilashi farin gari, shafi siriri, ka bar shi ya bushe. Sai ka ɗiga abin da kake bincike a kusa da gindinsa, ɗigo ɗaya kamar idon sauro, ka tsayar da gilashin cikin kwalba mai ɗan ruwan magani a ƙasa, ka rufe. Ruwan zai riƙa hawa garin kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yana jan abin da ke cikin ɗigon. Mai sauƙin kai ya bi shi sama, mai taurin kai ya tsaya a hanya. Da haka ake raba abubuwan da suka cakuɗe.

Abubuwa biyu muka fi rabawa, ɗaya sunansa amid, ɗayan amin. Ba ni na raɗa musu ba. Amid lafiyayye ne, ba wari, yana bin ruwa ya hau abinsa. Amin kuwa ƙanƙame garin yake yi ya ƙi tashi, in ma ya motsa sai ya ja jela, ga warin momoni sak, ruɓaɓɓen kifin nan da ake jefawa a miya. Duk ranar da na taɓa shi, kuliyoyin Nima ne ke raka ni gida, a trotro kuma benci guda nake samu ni kaɗai.

A lokacin ina neman auren wata yarinya a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Tana sona, uwarta ta yarda, saura uban. Shi Alhaji mutumin Nijar ne, bafataken albasa, kuma yana kallon Hausarmu ta Zango kamar motar da ta faɗa rami. Ranar da na fara gaishe shi na ce, "'Yarku ya ce in zo," sai ya tambaye ni ko yana da wani ɗa namiji da bai sani ba. Kawuna ya kai goro, Alhaji ya karɓa, amma ya ce ba zai ba da amsa ba sai ya san ainihin sana'ata.

Ana cikin wannan jira ne bakina ya ja mini. Wata Asabar da hantsi, a bencin da muke zama gaban shagon tela, aka tambaye ni me nake yi a wurin aiki. Na gyara zama na ce ina raba amin da amid, na ƙara da cewa amin ba ya tashi sama, ƙasa yake maƙalewa, ga wari. Kafin azahar maganar ta tsallake babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi, ta ƙara ƙiba a hanya. Can aka ce na auna amin ɗin mutanen Zango da na'ura, na gano bai taɓa wuce kwanon rufi ba. Amid kuma aka ce wani bawan Allah ne a unguwar Madina ta nan Accra wanda nasa kaɗai ke hawa, har wasu suka fara neman gidansa.

Kawuna ya same ni yana huci. Ya ce Alhaji ya aiko: ko in je in nuna abin a gaban shaidu, ko a zo a ɗauki goro. Na kai wa Dokta kukana. Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta ba ni gilashi ɗaya, da kwalba, da amin da amid, da maganin feshin da ke tona asirin amin in an ɗumama.

Lahadi bayan la'asar muka isa, ni da kawuna. Tsakar gidan hayar da Alhaji ke zaune ta cika maƙil, har kan katanga. Ban ƙidaya ba, amma in an ce an rufe kasuwar Nima ranar ba zan musa ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa gaban tabarmar Alhaji.

"Kai ne ka ce amin na wari?"

"Baba, ba na addu'a ba. Wani ne daban, na Turawa."

"Su ma suna da nasu? To, mu gani."

Na buɗe 'yar kwalbar amin. Layin gaba ya koma layin baya. Wata maƙwabciya Ga ta leƙo ta taga tana tambayar wa ya ɗora miya bai gayyace ta ba. Alhaji ya toshe hanci da gefen rawani, ya ce zancen wari dai ya tabbata.

Na ɗiga amin, na ɗiga amid a gefensa. Zan saka gilashin a kwalba ke nan Alhaji ya miƙo hannu ya karɓe. Ya kama shi daga sama, ya danna babban yatsansa a kan farin garin, yana jujjuya shi kamar albasar da yake zargin ta ruɓe ta ciki. Dokar farko a wurin aikinmu ita ce yatsa ba ya taɓa fuskar gilashi. Amma wa zai ce wa surukin da bai gama zama suruki ba ya cire hannu? Na jira har ya maido mini.

Ruwa ya fara hawa. Mutanen da ba su taɓa yin shiru ba ko a wurin jana'iza suka zuba wa kwalba ido. Da ya kusa sama na ciro gilashin, na fifita shi ya bushe. Fari fat, ba komai. Alhaji ya tambayi inda amid yake. Na ce ya hau, sai dai ba a ganinsa sai da wata fitila da ke can wurin aiki.

"Wanda ya hau ba a ganinsa," in ji Alhaji. "Na ji."

Kawuna ya fara duban ƙofa.

Na fesa maganin, na roƙi a kawo kurfoti, murhun gawayi, na riƙe gilashin a kan garwashi. A hankali wani tabo ya fito can ƙasa, mai launin ɓawon jar albasa, yana jan jelarsa. Jama'a suka ɗauki guna-guni. Ni kuma idona yana sama, don can ƙoli, gaba da inda ruwan ya tsaya, wani tabon ne ke fitowa, ƙato, launinsu ɗaya, da zane-zanensa zagaye. Na san shi. Maganin feshin nan bai san bambancin amin na kwalba da danginsa da ke cikin gumin ɗan Adam ba, Alhaji kuwa mutum ne mai gumi.

"Wannan fa?"

"Baba, wurin da kuka riƙe ne, shi gumin mutum yana da..."

Kawuna ya taka mini ɗan yatsan ƙafa da duk nauyin shekarunsa.

Alhaji ya karɓi gilashin da gefen riga, ya kara yatsansa kusa da tabon, ya dubi wannan ya dubi wancan. Ya tambaye ni ko wannan launi ba shi ne alamar amin ba. Na ce shi ne. Ya ce na ƙasan na wa? Na ce na Turawa. Ya ce na saman fa? Kawuna bai bari na buɗe baki ba, ya ce ai na Alhaji ne, ko makaho ya shafa ya sani.

Sai Alhaji ya miƙe ya yi wa jama'a bayanin aikina, bayanin da ko Dokta ba ta taɓa yin irinsa ba. Ya ce su duba da kyau: na Turawa an ba shi ruwa, an ba shi lokaci, ya kasa tashi. Nasa kuwa ko ruwan bai cim masa ba. Ya ce yaron nan Hausarsa ce kawai ta lalace, iliminsa lafiya lau. Ya naɗe gilashin a hankici ya sa aljihu, ya ce wa kawuna su zo Juma'a a sa rana. Guɗa ta tashi daga ɗakin uwar yarinya.

Muna shirin fita ya yafito ni. Na sake durƙusawa. Ya sunkuyo, ya rage murya.

"Liman zai zo maka da yatsansa. Ka ce maganin ya ƙare."

Ranar Talata liman ya tare ni a tashar trotro, ya ja ni gefe, ya ce shi dai tambaya ce kawai. Na ce maganin ya ƙare.