Auduga a Kunnen Alhaji

Mangazar nan ta ajiyar kaya da ke Sabon Gari yau warin albasa take yi. Dā kuwa marigayi Alhaji, aminina, ya ba samari huɗu aronta, har da ɗana, suna kiɗan fank, irin ihu da jitar da na taɓa ji a Landan.

Kullum la'asar yakan toshe kunnuwa da auduga, ya zauna bakin ƙofa don kada maƙwabta su kore su. Na ce, "Alhaji, kai da ba ka son ji?"

Ya zare audugar. "Malam, garin ya matse su. In ba su yi ihu nan ba, hamada za su nufa."

Da ya rasu, magada suka sa wa mangazar kwaɗo. Biyu daga cikin samarin sun bi hanyar Agadas, har yau ba labari. Ɗana yana kabu-kabu, ya daina waƙa. Allah ya yalwata kabarin Alhaji.