Macijin da Ba na Sashen Kowa Ba

Har yanzu in na ji buhu ya motsa sai in nemi abin hawa. Wannan ma da nake rubutawa, ƙafafuna a naɗe suke kan kujera.

Da na gama sakandare na samu aikin buga takardu a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Bagudo. Ɗakin da nake aiki shi ne kuma sito, ƙofarsa ɗaya. Bayan ruwa ya ci gonakin Kaoje aka kawo buhunan iri daga wajen iyaka, aka jibge kusa da teburina. Ran nan da hantsi na ɗaga kai, sai ga kumurci ya zaro jiki daga tsakanin buhunan, ya fasa kai a bakin ƙofa. Ban san lokacin da na hau tebur ba.

Ihuna ya tara mutane a taga. Manaja ne a gaba, mutumin da ko tsintsiya ba a saye sai da izininsa.

"Yallaɓai, maciji! Ka cece ni!"

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Daga ina ya hito?"

"Cikin buhuna!"

"To ai maganar sito ce. A kira mai sito."

Mai sito ya leƙo, ya ja baya. "Ranka ya daɗe, ni abin da ke cikin buhu nike kula da shi. Wanga ya bar buhu, shina tsakar ɗaki. Harkar tsaro ce, ta maigadi."

Maigadi dattijo ne, ga sanda a hannunsa kamar taɓarya. "A'a fa. Ni mai shigowa da ƙafa nike tarewa. Wanga a mota ya zo, kuma ku kunka ce a sauke."

Manaja ya gyara hula ya ce tunda kayan daga ƙasar Benin suke, macijin ma na ƙetare ne, a bi a hankali kada a jawo magana tsakanin ƙasa da ƙasa. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa duk addu'ar da na kama sai ta tsinke a tsakiya, don baƙon nasu ya iso gindin tebur yana kallon ƙafata.

Na rufe ido na yi tsalle ta taga. A kan manaja na sauka. Gwiwata ta fashe, hularsa ta faɗa kwata. Nan take aka samu mai iko: ya ba da umarni a kulle ɗakin, aiki ya koma gindin mangwaro.

Washegari ya tara mu, ya yaba wa shugabanci kan yadda ya tsaya tsayin daka, ya ja mini kunne kan fita ta taga. Sannan ya ce tunda na fi kowa sanin halin macijin, in shiga in ɗauko kwamfuta.

Na ce sai na tambayi Baba. Baba ya ce maganar Inna ce. Inna ta ce sai kawuna ya dawo daga Kwatano, shi kuwa bai sa rana ba.