Akwatin Itacen Ɗakin Tsauni

Noeline Paki ta ƙarar da ƙuruciyarta a mayankar tumaki, tsaye kan siminti mai sanyi, har gwiwarta ta hagu ta lalace. Ba mai surutu ba ce. Abin da garin ya san ta da shi guda ne: duk hunturu, wanda a ƙasarsu yake kamawa a watan Yuli, sai ta zaɓi rana ta hau doron tsaunin da ke bayan gari, ita kaɗai, ta taɓa tarin duwatsun da ke ƙololuwa, ta sauko.

Bana likita ya ce za a yi wa gwiwar aiki, daga nan ita da tsauni sai kallo. Hawan ƙarshe ke nan.

Ƙaninta Eru ne ya kai ta gindin hanya a mota da sassafe.

"Yaya, da tunkiya ce ke wannan ɗingishi, da tuni kin yanka ta."

"Ji mai magana. Kai da matakalar mashaya ma sai ka huta. Ka dawo kafin duhu."

Ta ratsa kurmi tana dogara sanda, ta fito inda bishiyoyi suka ƙare. Dusar ƙanƙara ta kai mata ƙauri, iska na yankan kunne. Rana na tsaka ta isa ɗakin kwanon da masu hawa ke fakewa. Ga ƙololuwa can, sarari fes. Ta shiga ta kurɓi shayi, sai idonta ya faɗa kan akwatin itace. Wayam. Wasu sun kwana, sun ƙone komai har ƙirare, sun yi gaba.

Ƙa'idar ɗakin tsohuwa ce: abin da ka ƙona, ka mayar. Mai shigowa bayanka wataƙila jiƙe yake sharkaf, yatsunsa ba sa riƙe gatari. Ita ma tana budurwa ta taɓa faɗowa ɗakin nan a haka, ta tarar da busasshen itacen wani da har yau ba ta san sunansa ba.

Ranar hunturu gajeriya ce, ba ta ɗaukar aiki biyu. Noeline ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe tana kallon sama. Ta ja tsaki, ta ɗauki gatari, ta gangara bakin kurmi. Sawu bayan sawu take jido matattun rassa, gwiwar na ƙara. Ta faskara, ta jera, ta ɗora ƙirare a kai.

Rana na faɗuwa ta iso mota.

"To, gwana, kin taɓa duwatsun naki?"

"Ban kai ba."

Eru ya buɗe baki zai tsokane ta, sai ya ga ɓawon itace a rigarta, tafin hannunta duk kumburi. Ya miƙa mata bargo.

"Akwatin itacen ɗakin ne ko? Su wa suka bar shi wayam?"

"Oho. Yanzu dai cike yake. Ja mu tafi, gwiwar nan ta ishe ni."